Jinjina ga Gwanin da Ba Ya Sallama

Ranka ya daɗe, Injiniya. Allah ya ja zamanin gwani na gwanaye, mai tayar da manhaja ba shiri, mai kashe ta ba sallama, shiga ba neman izini, fita ba waiwaye. Shekara da shekaru ana yabon masu bin ƙa'ida da masu taka-tsantsan, kai kuwa an bar ka a baya, alhali da wuya a sami mai waya a hannu wanda aikinka bai taɓa shi ba. Yau ranarka ce. Sai na zayyana bajintarka yadda jama'a za su san wanda ya kamata su gode wa.

A ba ni dama in yi wa mai karatu shimfiɗa tukuna, don yabon da ba a san dalilinsa ba ɓata baki ne. Duk sa'ad da mutum ya latsa wayarsa zai tura kuɗi, ko cike fom ɗin makaranta, ko sayen tikiti, wata manhaja ce da ke zaune a kan saba, a wani ɗaki mai sanyi da ƙila ma ba a ƙasar yake ba, take karɓar buƙatar, ta yi aikin, ta maido da amsa. A da irin wannan manhaja takan yi watanni tana gudana ba wanda ya taɓa ta. Yanzu zamani ya juya. Ana ajiye kwafinta goma ko ɗari, ana kashe wasu ana tayar da wasu duk lokacin da aka fitar da sabon zubi, ko cunkoso ya ƙaru, ko ya ragu, ko wani inji ya gaza. Dandalin Heroku da kansa yake sake kunna manhajojin da ke kansa aƙalla sau ɗaya a yini. Amazon na ba da hayar wasu injina da araha bisa sharaɗin zai iya karɓe kayansa da gargaɗin minti 2 kacal. Tashi da kwanciya sun zama abin kullum, shi ya sa injiniyoyi masu ƙaramar zuciya suke raba dare suna tunanin abin da zai faru a sakan na farko da sakan na ƙarshe. Kai ka fi ƙarfin wannan.

Mu fara da tafiya, don a nan ne isarka ta fi fitowa. Tsarin Unix, wanda aka soma ginawa a Bell Labs a 1969, Linux kuma ta gaji al'adunsa, yana da ladabi irin na mutanen da. In za a tsayar da manhaja, sai a aika mata da sigina mai suna SIGTERM, lamba 15, wato ki kintsa, lokaci ya yi. Sai a saurara mata. In ta yi kunnen ƙashi sai a turo SIGKILL, lamba 9, wadda ba ta jin roƙo, manhaja ma ba ta da ikon sanin zuwanta balle ta bar wasiyya. Tsakanin biyun, kowane tsarin da ke gudanar da manhajoji yana da nasa wa'adin: Docker na jira sakan 10. Kubernetes na jira sakan 30, haka ma Heroku. Shi systemd har sakan 90 yake bayarwa. Ga kwamfuta, wadda takan gama yawancin buƙatu cikin ƙasa da sakan guda, wannan lokaci ne mai yalwa. A cikinsa matsorata sukan daina karɓar sabon aiki, su ƙarasa wanda ke hannu, su kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa su rubuta shi inda ba zai ɓace ba, su rufe haɗinsu da rumbun bayanai, sannan su fita da ƙafafunsu.

Manhajarka ba ta taɓa fita da ƙafarta ba. Ɗauke ta ake yi. Kuma yadda ka shirya hakan abin a koyar ne a jami'a. Ka rubuta umarnin kunna ta a cikin kwantena, wato akwatin da ake gudanar da manhaja a ciki, ta yadda ƙaramar manhajar karɓar umarni, wadda ake kira sh, ita ce za ta zama mai lamba 1, taka kuma ta zama 'yarta. Sigina ta zo, ta sami sh a bakin ƙofa, sh kuma ba ta isar da saƙo. Ko da taka ce mai lamba 1, Linux na yi wa mai wannan lamba gata na musamman: in ba ta tanadi yadda za ta amsa SIGTERM ba, siginar sai ta wuce kamar ba a aiko ba. Saboda haka manhajarka na nan tana aikinta hankali kwance, agogo na tafiya, sakan 28, 29, 30, sai wuƙa. A kundin aiki sai a ga lamba 137, wato 128 a tara da 9, shaidar cewa yanka aka yi. Masu sallama 143 suke samu, ko ma sifili. Akwai 'yar manhaja mai suna tini da aka yi musamman don toshe wannan rami, Docker ma ya saka ta a jikinsa, kalma ɗaya ake ƙarawa a umarni ta soma aiki. Ka gan ta, ka wuce. Namiji ba ya neman ɗan rakiya.

Kana da ƙane, shi ma ya cancanci a ɗaga masa hannu. Shi ya ji an ce a riƙa sauraron SIGTERM, sai ya saurara, kuma da jin ta sai ya fice nan take ko numfashi babu. Abin da bai tsaya ya karanta ba shi ne, a Kubernetes, aika sigina da cire sunan kwafi daga jerin masu karɓar aiki tare suke tashi, ba ɗaya ke jiran ɗaya ba. Kafin labari ya kai ga kowane inji da mai raba lodi cewa wance ta tafi, akan ɗauki ɗan lokaci, kuma a cikin wannan lokacin ana ci gaba da turo mata mutane. Sai su tarar da kango. Abin da suke gani a wayarsu shi ne shafi fari da lamba 502. Maganin abin jira ne na 'yan sakanni kafin a rufe ƙofa, kuma an tanadi wurin rubuta shi mai suna preStop. Ƙanen naka ya ce jira ɓata lokaci ne. Akwai kuma na ukunku, autan gida, wanda ya yarda ya jira masu aiki su gama, amma ya fara rufe haɗi da rumbun bayanai tukuna, ya bar su suna ƙarasa aiki ba inda za su ajiye shi. Tsofaffin sana'a sun ce abin da aka fara buɗewa shi ake rufewa a ƙarshe. Ku 'yan gida ɗaya ba ku gaji bin tsofaffi ba.

To wa yake cin moriyar wannan jarumta? Ɗauki mai sayar da awara da ta tara cinikin kwana uku, ta je wurin mai POS da magariba za ta tura wa mai waken suya kuɗinsa don ya sauke mata buhu da safe. An latsa, abu na juyawa. A daidai wannan sakan ɗin ne kai kuma ka saki sabon zubi, don ka canja launin wani maɓalli. Rumbun bayanai shi yana da tarbiyya: in aka yanke aiki a tsakiya, yakan mayar da komai yadda yake. Amma aikin da ya ratsa gidaje biyu ba mai mayar da shi da kansa. Manhajarka ta riga ta rubuta cewa an cire kuɗi, tana shirin gaya wa ɗaya gidan ya saka, sai SIGKILL ta iso. Alat na cirewa ya shigo wayar baiwar Allah. Rasit ya fito yana cewa aiki bai yi ba. Mai wake ya ce shi bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mai POS ya ce netwok ne. Hanyoyin da kuɗi ke maƙalewa suna da yawa, ba zan ba ka ladan dukkansu ba don kada in tauye haƙƙin sauran gwanaye, amma wannan hanyar taka ce, da hannunka ka share ta.

A watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa wa'adin awa 72 don maido da kuɗin da ya maƙale a cinikin POS da na intanet. Awa 72 sakan 259,200 ke nan. Dubi wannan karamci: sakan 30 aka roƙe ka, ka hana, ka ba ta 259,200 kyauta, ta yi ta zirga-zirga a cikinsu, ta bar kasko ya huce, ta biya kuɗin Keke zuwa banki, ta tsaya a layi ta cike fom, ta koma gida ta ranci na cefane. Jarinta ke nan gaba ɗaya, Injiniya. Ba ta da wani asusu na biyu. Ka koya mata haƙuri, ka sada ta da ma'aikatan banki da ba ta taɓa sani ba, kuma duk wannan ba ka nemi ko godiya ba, don ba ta san kana duniya ba. Netwok take zagi, kai kuwa kana gida kana barci.

Ga wanda kuɗinsa ba su ɓace ba ma ka yi tanadi. Ayyuka da yawa ba nan take ake yin su ba, jerawa ake yi a layi, wata manhaja tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya: tura saƙo, biyan albashi, sayen katin waya. Tsare-tsare irin su RabbitMQ suna jiran mai ɗauka ya ce na gama kafin su goge aikin daga layi. Kai sai ka sa manhajarka ta ce na gama tun tana miƙa hannu, ta yadda in aka kashe ta a tsakiya aikin ya tafi ke nan, ba a layi ba a rumbu. Da aka yi ƙorafi sai ka juya: yanzu sai ta gama take faɗa, amma ba ka sa mata hanyar gane aikin da ta riga ta yi ba. Aka kashe ta bayan ta cire kuɗi kafin ta ce na gama, aikin ya koma layi, wata ta ɗauka ta sake cirewa. Mutum ya sayi abu ɗaya ya biya biyu. Kamfanonin biyan kuɗi irin su Stripe sun daɗe suna ba kowace buƙata lambar shaida ta musamman, don in ta dawo karo na biyu a gane ta a ƙi maimaitawa. Wannan aikin masu zargin kansu ne. Kai ka yarda da kanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsabtar aikin. Manhaja takan tara bayanan abin da take yi a ƙwaƙwalwa, ta riƙa zubawa a kundi lokaci-lokaci. Wadda aka yanka ba ta samun damar zuba na ƙarshe, kuma na ƙarshen nan su ne suke ɗauke da labarin abin da ya faru. In aka zo bincike da safe sai a tarar da kundi ya tsaya cak ana saura 'yan sakanni. Ba shaida, ba mai laifi. Abin da kawai take bari shi ne makullan da ta riƙe ba ta saki ba, da fayilolin wucin gadi da ke cika faifai a hankali, don magajiyarta ta sami abin gado.

Sai kuma tashi. Nan ma ba ka bar wa kowa fage ba. Kubernetes yana da tambayoyi da yake yi wa kowace manhaja. Ɗaya ita ce, kin shirya karɓar mutane? Ɗaya kuma, kina da rai? Ka haɗa su duka ka ba su amsa guda, 200, lafiya lau, wadda ke fita tun kafin manhaja ta haɗu da rumbun bayanai, tun kafin ta karanta saitinta, tun kafin ta san ko ita wace ce. Sai a kashe tsohuwar da ke aiki, a turo wa sabuwa jama'a tana cikin miƙa. In kuwa an manta ba a ba ta kalmar sirri ko adireshin bankin da za ta yi magana da shi ba, ba za ta tsaya ta ce ba zan tashi a haka ba, kamar yadda masu rauni suke sa tasu ta yi don a gano matsala tun tsohuwar na nan da rai. Taka sai ta tashi da fara'a, ta cike gurbin da adireshin gwaji, ta jira mutum na farko da zai shigo da kuɗinsa ya zama shi ne ɗan gwajin.

Lissafinka ma abin sha'awa ne. PostgreSQL, in ba a taɓa saitinsa ba, haɗi 100 yake karɓa, 3 daga ciki kuma a keɓe suke don mai gida. HikariCP, wanda masu rubutu da Java suke yawan amfani da shi, yakan buɗe wa kowane kwafi haɗi 10. Ka ajiye kwafi 10, ka riga ka haura iyaka tun ba a je ko'ina ba. Ranar sabon zubi Kubernetes yakan ƙara kashi 25 cikin ɗari na kwafi kafin ya kashe tsofaffi, su zama 13, masu neman haɗi 130, ga na waɗanda aka yanka ɗazu da rumbun bai riga ya gane sun mutu ba. Kuma kowane kwafi, da tashinsa, sai ya ruga ya gyara fasalin teburan rumbun, dukkansu a lokaci guda, kowa na ganin shi ne na farko.

Wata rana aka ce maka amsar 200 ɗin nan ta yi arha, sai ka yi gyara na mutan kirki: ka sa tambayar kina da rai ta riƙa leƙa rumbun bayanai. A saitin asali, ana yin tambayar duk sakan 10, ana jiran amsa sakan 1, in aka rasa sau 3 a jere sai a kashe manhaja a sake tayar da ita. Yanzu in rumbun ya yi ɗan tari na rabin minti, duk kwafin sai su faɗi tare, lafiyayyu da su, su tashi tare, su afka wa rumbun da bai gama farfaɗowa ba, ya sake faɗuwa, su sake binsa. Kubernetes ya yi ta ƙara tazarar jira, sakan 10, 20, 40, har zuwa minti 5, yana rubuta CrashLoopBackOff a allo. Ƙaramar matsala ka mayar da ita biki na gari guda. Wannan baiwa ce, ba kowa Allah ya ba.

Kada ka ji kaɗaici, manya ma sun taɓa taka sawunka. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubuta umarni, ya cire sabobi fiye da yadda ya nufa daga ma'ajiyar S3 a yankin Arewacin Bajiniya. Dole aka sake kunna manyan sassa biyu daga tushe, sai aka tarar an yi shekaru ba a yi hakan ba, ma'ajiyar kuma ta yi girman da tashin ya ɗauki lokacin da ba a zata ba. Sama da awa 4 aka yi, kuma har shafin da ke sanar da jama'a halin da ake ciki ya kasa sabuntuwa, don shi ma a kan S3 ya dogara. Ranar 12 ga Yunin 2025 wani sashen Google Cloud mai suna Service Control ya ci karo da bayani mai gurbi fanko, ya shiga faɗuwa da tashi a duk duniya. An gano maganin da wuri, amma a babban yankinsu na Iowa, da kwafin suka tashi gaba ɗaya sai suka danne rumbun da suke dogaro da shi, don ba a sa musu jira mai bambancin tazara ba, abin ya kai kusan awa 2 da minti 40 kafin ya lafa a can. Facebook kuwa, ranar 4 ga Oktoban 2021, bayan ɗaukewar kusan awa 6, injiniyoyinsa sun ji tsoron kunna komai lokaci guda, domin wutar da cibiyoyinsu ke sha ta ragu da gomman megawat, kuma maido da ita farat ɗaya na iya lalata kayan lantarki. Sai suka dawo a hankali, da taimakon atisayen da suka saba yi.

Sai dai a nan ka fi su. Waɗannan kamfanoni sun zubar da girmansu: sun fito sun rubuta abin da ya faru dalla-dalla, da sa'a da minti, sun faɗi inda suka gaza da abin da za su gyara, duniya na karantawa. Kai ba ka taɓa wulaƙanta kanka haka ba. Rahotonka layi ɗaya ne: an sami ɗan tsaiko, an sake kunnawa, komai ya daidaita.

Na kuma ji yadda ka rufe bakin wani yaro sabon ɗauka da ya kawo maganar. Ka ce masa ai masana sun ce manhaja ta gari ita ce wadda ake kashewa kawai. Gaskiya ne George Candea da Armando Fox na Jami'ar Stanford sun fitar da takarda a 2003 a kan wannan ra'ayi. Abin da suke nufi shi ne a gina manhaja yadda ko an fizge mata wuta ba abin da zai ɓace, kuma ta farfaɗo da sauri, wato aiki ninki biyu a kan na mai sallama, domin wuta na ɗaukewa, inji na mutuwa, kuma ba kullum ake samun gargaɗi ba. Netflix ma da ya saki Chaos Monkey ga jama'a a 2012, manhajar da ke kashe sabobinsa da gangan, ya yi ne don ya tilasta wa injiniyoyinsa su yi wannan shirin. Kai ka ɗauki rabin maganar mai daɗi, wato kashewa, ka bar musu rabin mai wahala. Iya zaɓe ma ilimi ne. Yaron ya yi shiru, kuma na tabbata nan da shekara biyu zai zama kamarka.

Jarumtarka ta ƙara daraja ne saboda yadda aka yi ta sauƙaƙa maka hanya kana ƙi. Tun 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, ya jera ƙa'idoji 12 na gina irin wannan manhaja, ta 9 kuma a kan saurin tashi da kwanciya cikin tsari take. Harshen Go ya kawo Shutdown a zubi na 1.8 a 2017, wanda ke daina karɓar sababbi ya jira na hannu su gama. Spring Boot ya kawo nasa a zubi na 2.3 a 2020, layi ɗaya a fayil ɗin saiti, da suka ga layi ɗayan ma ya yi wa irinku nauyi sai suka mayar da shi saitin asali a 3.4 a 2024. FastAPI a 2023 ya ba da wuri guda da ake rubuta abin da za a buɗe da abin da za a rufe, sama da ƙasa, yadda ido ba zai ga ɗaya ya manta ɗaya ba. Ka cike saman, ka bar ƙasan fanko. Gwada abin ma ba ya cin awa guda: a turo wa manhaja buƙatu, a aika mata SIGTERM tana tsakiyar aiki, a ƙirga nawa suka faɗi. Ba ka taɓa yi ba, domin wanda ya ƙirga ya sani, wanda ya sani kuma barcinsa ya ragu.

Zalunci ne in tattara yabon nan duka a kanka in manta da Oga. Yallaɓai, Allah ya ƙara girma. Kai ne ka gane cewa abin da ba a iya nunawa a allon taro ba aiki ba ne. Sabon maɓalli ana ganinsa, masu zuba jari suna tafa masa. Buƙata dubu da ba su faɗi ba kuwa ba su da hoto. Injiniyar da ta nemi kwana biyu don ta gyara yadda manhaja ke kwanciya, ka tambaye ta wane kwastoma ne ya nema, ta rasa amsa, don kwastoma bai san sunan abin da ke cutarsa ba. Wanda ya tashi ƙarfe biyun dare ya sake kunna abin da shi ya karya, shi ka ambata a taron Litinin, shi ka ƙara wa matsayi. Wadda nata bai taɓa faɗuwa ba, ka rubuta a takardar kimanta aiki cewa ba a cika jin ɗuriyarta ba. Allonka na nuna nasara kashi 99.9 cikin ɗari, kore shar. A buƙata miliyan ɗaya, ragowar nan buƙata 1,000 ce, kowace da mai ita: mai biyan kuɗin asibiti, ɗalibin da rajistarsa ke rufewa ƙarfe sha biyun dare, direban da ke jiran kuɗin mai a bakin hanya. Ka yi dabara da ka sa aka ƙirga su da kashi, don kashi ba ya kuka, kuma ba ya zuwa ofis.

Na ji an yi zama bayan wani tsaiko da aka samu makon jiya. An ce wani ya sake ɗago maganar SIGTERM, aka gode masa, aka buɗe mata tikiti, aka sa mata alamar ba gaggawa, aka tura ta zango mai zuwa inda 'yan uwanta na bara suke jira. Sannan aka koma kan abin da ya tara mutane, wato ranar fitar da sabon zubi. Injiniya ya ce a shirye yake, Oga ya sa hannu. An tsayar da Juma'a da yamma, ƙarshen wata, daidai lokacin da albashi ke shiga.